Minti Ashirin da Uku

Duk wanda ya zaga tsohuwar kasuwar garin da ƙafa zai lura da abu ɗaya. Layukanta takwas ne, dukansu sun tashi daga bakin dogo sun miƙe yamma har cikin unguwa, kuma tsakanin kowane layi da na kusa da shi taki ashirin da biyu ne, ba ƙari ba ragi. Baƙi sukan ɗauka aikin injiniya ne. Babu injiniyan da ya auna su. Tsawon taragon jirgi ne, kuma wata mai sayar da shayi ce ta auna shi da ƙafarta ranar wata Laraba, tana cikin fushi da mijinta.

Lokacin da aka shimfiɗa dogo ta wurin, babu gari. Fili ne da ƙayoyi. Jiragen wancan zamani da gawayi da ruwa suke tafiya, kuma kan jirgi ba ya iya wuce mil arba'in bai sha ruwa ba. Saboda haka kamfanin jirgi ya haƙa rijiya, ya kafa tanki a kan ƙafafun ƙarfe huɗu, ya gina ɗakin famfo da ɗakin kwana mai rufin kwano, ya ɗauki mutum ɗaya ya ajiye. A takardun kamfani wurin ba shi da suna, lamba ce kawai. Mutumin ma ba a daɗe ba sunansa ya ɓace, ya zama Mai famfo.

Aikinsa ba shi da yawa. Da safe ya tayar da inji ya cika tanki. Jirgi na zuwa sau huɗu a mako, Litinin, Talata, Alhamis da Juma'a, kullum wajen azahar. In ya tsaya, mai zuba gawayi ya hau bayan kan jirgin ya jawo tiyo ya zura, shi kuma Mai famfo ya murɗa makullin ruwa, wani ƙarfe mai da'ira kamar sitiyarin mota da ke jikin bututu a gindin tanki. Murɗa goma sha huɗu ke buɗe shi gaba ɗaya. A haka jirgi kan ƙoshi cikin minti bakwai ko takwas, ya busa, ya kama hanya.

A wata na biyu matarsa ta fito da tebur, da butar shayi, da kofuna goma sha biyu. Daga nan aka fara ce mata Uwar Tebur. Amma minti takwas bai isa mutum ya sauko, ya karɓi shayi mai zafi, ya hura, ya shanye ba. Wasu su bar rabi, wasu su hau jirgi da kofin a hannu. Cikin mako uku kofuna biyar suka rage. Ran nan Mai famfo na tsaye a gindin tanki ya hango ta tana bin tarago da gudu, da cikinta wata bakwai, tana miƙa hannu a ba ta kofinta. Da jirgi na gaba ya zo, murɗa tara ya yi ya saki. Ba ta roƙe shi ba, shi ma bai yi shawara da ita ba. Jirgi ya yi minti goma sha uku. Da ya ga ba wanda ya tanka, ya koma bakwai, daga nan biyar, ya tsaya a nan. Minti ashirin da uku.

Direbobi ba su damu ba. Suna samun shayi da dafaffen ƙwai, kuma akwai gangare a gaba inda suke fanshe lokacin. A littafin tafiya sai su rubuta kalma uku: ruwa ba ƙarfi.

A kan wannan minti ashirin da uku gari ya tsiro. Ƙanen Uwar Tebur, maƙeri ne, ya zo gaisuwar haihuwa ya ga ana neman mai gyaran amalanke, bai koma ba. Mai burodi ya gina tanda. Mahauci ya kafa rumfa. Manoman karkara da suka ji akwai inda jirgi ke tsayawa har mutum ya ɗora buhu a natse, suka fara kawo albasa da gyaɗa da lemon tsami. Tela ya zo da kekensa a kan jaki. A shekara ta shida rufi arba'in da uku aka ƙirga, da wata rumfa inda wani malami ke koyar da karatu. Duk garin sun san dalilin da ruwan tanki ke zuba kamar ba ya so, amma ba wanda ya taɓa faɗi da baki.

A shekara ta bakwai, ranar wata Talata, wani siririn mutum ya sauko daga jirgi da ƙaramar jaka. Bai nufi teburin kowa ba. Ya zo gindin tanki ya ciro agogon aljihu ya riƙe a tafin hannu har jirgi ya gama sha. Jirgi ya tashi ya bar shi.

Ya ce, "Kai ne mai famfo?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Minti ashirin da uku da daƙiƙa goma. Doka kuwa minti goma ta ce."

"Haka yake yi, ranka ya daɗe."

"Na sani. Shekara shida ke nan direbobi na rubuta mana haka yake yi."

Sufeton kamfani ne. Ya yi bayani a taƙaice, kamar mai karanta sanarwa. Kamfani zai fito da sabon jadawali, an zauna an duba inda jirage ke ɓata lokaci, an ga wannan tankin ya fi ko'ina. Ofis ya yanke cewa rijiyar ta gaza. Za a kwance tankin a kai shi gadar kogi, mil goma sha biyu gaba. Shi an aiko shi ya gani da idonsa ya sa hannu, ya kuma gani. Zai sauka a ɗakin famfo ya jira jirgin Alhamis.

Ya ƙara da cewa, "Kai babu abin da zai same ka. Ka bi tankinka gada. Can ɗaki biyu za a gina maka."

"Mutanen nan fa?"

Sufeto ya dubi rumfunan, ya dubi littafinsa. "A takarda babu kowa a nan sai kai."

Uwar Tebur ta iso da kofi a faranti, ta kuwa ji ƙarshen maganar. Ta ce, "Ga shayi, ranka ya daɗe."

"Na gode. Ba na sha a bakin aiki."

Bayan an ci abincin rana suka zauna a tsakar gida, mata da miji da Maƙeri. Kowa ya san gada: fadama ce, da damina ruwa ke shanye ta, ba inda za a kafa rumfa ko ɗaya. In tanki ya tafi, jirgi zai riƙa wuce garin da gudu, ba wanda zai ko leƙo ta taga.

Maƙeri ya ce, "Mijin Yaya, ai maganar ba ta da wuya. Rijiya ba ta yi laifi ba. Hannunka ne ke da ciwo shekara shida, ba ya wuce biyar."

"Kai da ka ci albarkacin ciwon har ka yi tumbi, yau ka zama likita?"

"Ni dai na faɗi. Ka je ka gaya masa."

Uwar Tebur ta ajiye kofin da take gogewa. "Ya gaya masa me? In ya faɗa, sun kore shi. Kuma ko an bar tankin, jirgi ya koma minti takwas. Na san minti takwas, da cikina na bi shi a guje. Shi ya rasa aiki, ni na rasa tebur, yara huɗu suna kallonmu. Malam, ka yi shiru. Mu tafi gadar."

Mai famfo ya ce, "Mu tafi mu bar gida arba'in da biyu?"

"Kai ka haife su?"

"Ban haife su ba. Amma saboda abin da na yi suka zo. Mai burodi sayar da gonarsa ya yi ya gina tandar can."

"To minti takwas zai ciyar da tandar?"

"Minti takwas ya fi babu."

Ta ce ya bari zuwa gobe. Ya ce to. Da ta shiga ɗaki ɗauko sukari, ya saka takalminsa ya fita.

Ya tarar da Sufeto a ƙofar ɗakin famfo yana rubutu, jaka a kan gwiwa. Ya gaya masa duka, daga kofunan da suka ɓace har murɗa biyar. Bai ambaci direbobi ba.

Sufeto ya rufe littafi. "Ka san abin da ka faɗa yanzu? In gaskiya ne, zan rubuta, kuma ba za ka sake taɓa makullin kamfani ba. In ƙarya ce ka shirya don ka ceci maƙwabta, ka ɓata bakinka a banza."

"Gaskiya ce."

"To nuna mini."

Suka je gindin tanki. Mai famfo ya juya tiyo ya fuskanci kwata, ya kama makulli. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar. Ya tsaya cik. Ya sa ƙarfi, ya sa kafaɗa, ya tokare ƙafa da ginshiƙi. Ko motsi. Shekara shida makullin bai wuce nan ba, kuma abin da ruwa ke bari ya taru a kan sauran haƙoran sandar da ke cikinsa ya daskare. Maƙeri, wanda ya biyo su, ya ruga ya ɗauko doguwar sandar ƙarfe zai zura a sitiyarin.

Sufeto ya ce, "Kada ka yi. In ya karye, tanki ya tsiyaye, jirgin Alhamis ya kwana a daji, sai in rubuta mutum biyu maimakon ɗaya." Ya juya ga Mai famfo. "Ofis na da rahoton shekara shida da ke cewa ruwa ba ƙarfi. Ni kuma ina da maganarka da makullin da ba ya wuce biyar. Ni abin da agogo ya ce nake rubutawa. Ran Alhamis, in jirgi ya ƙoshi ƙasa da minti goma, zan rubuta hakan. In bai ƙoshi ba, na sa hannu."

Da Mai famfo ya koma gida, labari ya riga shi. Matarsa ta ajiye masa abinci ta juya baya. Ba ta sake yi masa magana kai tsaye ba.

Ran Laraba da sassafe aka fara aiki. Ba za a iya kwance makulli da ruwa a bayansa ba, kuma ba a so a zubar da tankin. Maƙeri ya ce sai an toshe bakin bututun ta ciki. Aka nemi icen da ya kai faɗinsa, aka rasa, sai gungumen da Mahauci ke sara nama a kai.

Mahauci ya ce, "Shekara biyar ina sara a kansa."

Maƙeri ya ce, "In tanki ya tafi, sai ka riƙa zama a kansa kana kallon jirgi na wucewa."

Aka feƙe gungumen, aka naɗe shi da buhu. Maƙeri ya hau tsani ya tuɓe riga ya shiga tanki. Sau uku yana nutsewa kafin ya samu bakin, a na huɗu ya danna icen da ƙafa, nauyin ruwa ya ƙarasa aikin. Ya leƙo yana tari. "Mijin Yaya, in na mutu a nan, ka gaya wa kamfani a bakin aikinka na mutu."

"Sauko, tumbinka ba zai bari ka nutse ba."

Noti takwas suka kwance kafin hantsi. Da suka zaro sandar, ta tagulla ce, tsawon kamu ɗaya. Haƙora biyar na farko suna ƙyalli. Sauran tara ba a ganinsu, wani farin abu mai tauri kamar dutse ya rufe su. Maƙeri ya ƙwanƙwasa da guduma a hankali, ɗan ɓarɓashi ya faɗo. Ya ɗauko magagari, ya duba, ya mayar.

"In na goge da wannan zan ci haƙoran. In na gasa a wuta tagullar ta lanƙwashe. Ko ta wace hanya makulli ya tashi aiki, kuma sabo sai daga babbar tasha."

Suna tsugune a kan sandar, Uwar Tebur ta zo ta tsaya a bayan ƙanenta. Ta ɗan jima tana kallo.

Ta ce, "Ka gaya wa mijin yayarka, wannan abin shi ne ke fitowa a cikin butata. Ruwan rijiyarsa ne. Duk wata sai na jiƙa ta da lemon tsami."

Maƙeri ya juya ga Mai famfo, wanda ke taku ɗaya daga wurin. "Ta ce in gaya maka..."

"Na ji."

"Ka kuma gaya masa ba don shi na faɗa ba."

Buhu biyu na lemon tsami ke ajiye a rumfar wani manomi suna jiran jirgin Alhamis. Mata shida suka zauna da wuƙaƙe suka matse su a babban daro. Da aka tsoma sandar, ƙananan kumfa suka fara tasowa daga farin abin. Sufeto da kansa ya taso daga inuwa ya leƙa daron, ya koma. Duk bayan sa'a guda Maƙeri ya ciro sandar ya goge da burushin waya ya mayar. Kafin azahar haƙori na shida da na bakwai sun bayyana.

A wannan tsakani ne Uwar Tebur ta bar su ta nufi bakin dogo. Ba wani shiri ta fita da shi ba. Fushi ne ya hana ta zama, tana tafe tana lissafin abin da za a iya yi da minti takwas, ba ta ga komai ba. Yadda suka saba, da jirgi ya tsaya mata duka su yi dafifi a tarago na farko, sannan su bi sauran ɗaya bayan ɗaya, suna kira, ana ciniki, ana hira. Wannan sai da minti ashirin.

Ƙafarta ta faɗa wani ɗan kwari a gefen dogo, ta yi tuntuɓe. Ta wuce, ta sake faɗawa wani. A na uku ta tsaya ta duba baya. Kwarurrukan a jere suke, kowanne kamar faɗin tabarma, ƙasar ta daddale ta yi santsi. Nan ne fasinjoji ke dirowa. Kan jirgi dole ya tsaya daidai ƙarƙashin tiyo, in ya gota da taku biyu tiyon ba ya kaiwa. Tunda kai ba ya sauya wuri, ƙofar kowane tarago ma ba ta sauyawa. Shekara shida ƙafafu na sauka wuri ɗaya, ba wanda ya kula.

Ta koma gindin tanki ta fara ƙirga taki. Ashirin da biyu, kwari. Ashirin da biyu, kwari. Takwas ne.

Da la'asar ta tara matan da ke talla. Ta sa aka ɗauko manyan duwatsu takwas aka shafa musu farar ƙasa, aka ajiye ɗaya a gaban kowane kwari.

Ta ce, "Gobe ba mai gudu, ba mai bin tarago. Kowane dutse mutum uku: mai shayi, mai burodi da ƙwai, mai kayan marmari. A ƙulla komai tun kafin jirgi ya busa. Shayi a zuba shi da wuri ya huce, a gwangwanin madara, mutum ya tafi da abinsa. Na gaji da bin kofi."

Matar Mai burodi ta ce, "To dutsen farko na wa? Ai can masu hannu da shuni suke."

Nan take wuri ya kaure. Kowa na da dalilin da ya sa ya kamata ta tsaya a na farko, wata shekaru, wata ciwon ƙafa, wata ta riga kowa zuwa garin. Uwar Tebur ta bar su suka yi mai isarsu.

Ta ce, "A nan ba wadda ta riga ni zuwa. Ni na takwas zan tsaya, can ƙarshe, nesa da murhu. Sauran ku raba."

Cikin ɗan lokaci aka raba.

Kafin rana ta faɗi haƙora goma sha biyu sun fito. Sauran biyun aka bar su cikin daro. Ran Alhamis da safe Maƙeri ya goge su, ya shafa wa sandar mai, suka mayar da ita, suka ɗaure noti takwas. Mai famfo ya kama sitiyari alhali icen na toshe da bututu. Mutanen da suka taru suna ƙirgawa da shi a hankali. Da ya wuce biyar wani ya yi ajiyar zuciya. A goma sha huɗu makulli ya tsaya inda ya kamata ya tsaya. Ya rufe. Maƙeri ya sake shiga tanki da igiya, maza huɗu suka ja, gungumen Mahauci ya fito. Ba su gwada da ruwa ba. Sufeto ya ce tanki ya zauna a cike, gwajin na jirgi ne.

Jirgi ya iso da azahar, ya makara da minti huɗu. Fasinjojin da suka saba da hanyar suka leƙo, suka ga mata a jere uku-uku a gaban fararen duwatsu, kowace ƙofa da nata. Kan jirgi ya tsaya ƙarƙashin tiyo. Sufeto ya ciro agogo.

Mai zuba gawayi ya hau, ya zura tiyo, ya ɗaga wa Mai famfo hannu. Sannan ya yi abin da ya saba yi shekara shida: ya sauko ya nufi wurin shayi, don ya san yana da minti ashirin.

Mai famfo ya ce, "Da ka tsaya a sama yau."

"Me zan tsaya yi? In ƙirga ɗigon ruwanka?"

Mai famfo ya murɗa. Da ya kai takwas tiyon ya kumbura ya miƙe. Da ya kai goma sha huɗu bututun ya ɗauki wani ruri da garin bai taɓa ji ba, ƙafafun tankin suna rawa. Direba ya leƙo daga kan jirgi da ƙwai a hannu. A can gefen dogo ciniki ake yi ba hayaniya: hannu ya miƙo, ƙulli ya tafi, gwangwani ya tafi. Wasu fasinjojin ko sauka ba su yi ba.

Mai zuba gawayi bai kai rabin gwangwaninsa ba ruwa ya tumbatso ta saman tankin jirgi, ya kwararo ta gefe kamar an ɓalle madatsa, ya jiƙa direba da Mai famfo, ya jiƙa Sufeto daga kafaɗa har takalmi. Mai zuba gawayi ya yar da gwangwani ya ruga yana cewa, "Rufe! Rufe!" Mai famfo ya rufe, murɗa goma sha huɗu, bai yi gaggawa ba.

Sufeto bai matsa daga inda yake ba. Ya ɗaga agogon sama don kada ya jiƙe, ya duba.

Ya ce, "Shida da daƙiƙa arba'in." Ya goge fuskarsa da hannun riga. "Babbar tasha ma ba ta yin haka. Zan rubuta." Ya mayar da agogon aljihu. "Ɗaya maganar ma zan rubuta."

"Na sani, ranka ya daɗe."

Ya ɗauki jakarsa ya bi gefen jirgi har ƙarshe, inda taragon ma'aikata yake. A dutse na takwas Uwar Tebur ta sayar da komai sai gwangwani ɗaya. Ya tsaya a gabanta yana ɗigar ruwa.

Ta ce, "Ai ba ka sha a bakin aiki."

"Na tashi." Ya biya, ya karɓa, ya hau. Jirgi ya bar wurin minti tara bayan isowarsa.

Mai famfo na naɗe tiyo matarsa ta zo da farantinta a kife. Maƙeri ya gyara tsayuwa ya ce, "Yaya, me zan gaya masa?"

Ta ce, "Kai tafi ka mayar wa Mahauci icensa." Sannan ta dubi mijinta. "Malam, ka jiƙe. Zo ka sauya riga."

Bayan mako biyar takarda biyu suka iso cikin ambulan ɗaya. Ta farko ta ce tanki zai zauna inda yake. Ta biyu ta ce an sallami mai kula da famfo saboda riƙe jiragen kamfani da gangan, an kuma naɗa maƙerin da aka ambata a rahoto a madadinsa. Mai famfo ya miƙa wa ƙanen matarsa mabuɗin ɗakin famfo, ya koma dutse na takwas yana hura wa matarsa wuta. Sunan bai bar shi ba. Maƙeri ya shekara goma sha tara yana murɗa makullin, har ya bari ba wanda ya taɓa ce masa mai famfo.

Rahoton bai tsaya nan ba. Hanyar jirgin layi ɗaya ce, kuma sabon jadawali na bukatar wurin da jirgin da ya taso daga kudu zai jira na arewa su wuce juna, wurin da ruwansa zai iya ƙosar da kan jirgi biyu a jere. Injiniyoyi suka duba takardu, suka ga lamba ɗaya ce ke da minti shida da daƙiƙa arba'in a gabanta. A shekara ta gaba aka shimfiɗa layi na biyu a gefen na farko, aka gina tasha mai ɗaki uku, aka kawo shugaban tasha da ƙararrawa, aka kafa allo mai ɗauke da sunan gari. Rumfunan dindindin aka gina su a bayan duwatsu takwas, kowa a bayan nasa, gidaje kuma suka bi bayan rumfunan. Sito ya biyo, sannan makaranta mai aji shida, sannan asibiti. Lokacin da jiragen da ba sa shan ruwa suka shigo, bayan shekara talatin, garin ya riga ya fi ƙarfin tanki. Yana nan tsaye har yau, babu ruwa a ciki. Layi na takwas kuwa har yanzu na masu shayi ne.

Ranar da jirage biyu suka fara haɗuwa a sabuwar tasha, manyan kamfani sun zo, an yi jawabi. Jirgin kudu ya sha ruwansa cikin minti bakwai, sannan ya zauna jiran na arewa kamar yadda jadawali ya ce. Fasinjoji suka sauko suka bazu cikin layuka, wasu har suka zauna a benci suna hura shayi. Maƙeri ya rufe makulli ya zo dutse na takwas yana goge hannu da tsumma.

Mai famfo ya ce, "Minti nawa aka rubuta musu?"

"Talatin da biyar."

Ya tura ice cikin murhu. "Ni ashirin da uku na ba su aka kore ni. Kamfani ya ba su talatin da biyar ana tafa masa."

Uwar Tebur ta ce, "Malam, rage surutu, ka ɗauko mini kofunan nan na cikin akwati. Yau akwai lokacin da za a dawo da su."